Mazan da Aka Zubar a Juji

Malama Ƙirgau,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Na san ba mu rabu da daɗi ba, amma maganar kunnen-dutse ce, tsiron nan da kika shekara goma sha biyu kina ƙirgawa a bayan tsauni. Na dajin sun ƙare tun da aka fasa dutsen. Saura talatin da ɗaya da ke gidan renonmu. Suna fure duk shekara, amma ko ƙwayar iri babu, ga shi sun fara tsufa. Masu duba aiki za su zo wata mai zuwa. Ki taimaka da shawara.

Na gode,
Darakta

Ranka ya daɗe,

Muna lafiya. Ashe ba ka manta sunan da kuke kirana da shi a ofis kuna dariya ba.

Tsiron nan akwai mace akwai namiji, kowa da gindinsa. Yana nan a shafi na tara na rahoton da ka goge sunana ka sa naka. Da ka karanta, da ba ka sa an tumɓuke bakwai ɗin nan da ka ce cin taki kawai suke ba. Su ne mazan. Da na hana, ka kore ni a gaban leburori. Har yau in na tuna raina tafasa yake.

Na tsince su a juji a hanyata ta fita. Biyu sun rayu, suna bayan kicin ɗina.

Ka huta lafiya,
Ƙirgau

Malama,

Ina gaisuwa. Na yi kuskure, na amsa. Don Allah ki aiko da garin furensu ko cokali ɗaya ne. Zan mayar da sunanki a rahoton. Idan kika ƙi, tsiron nan ya ƙare a duniya, kuma ke ma ba za ki so haka ba.

Ina jira,
Darakta

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa. Ba zai ƙare ba. Mazan sun fara toho, furensu kwana shida yake yi. Ka loda matan duka a mota ka kawo su gidana, da kanka.

Masu duba aiki kuwa, ka nuna musu inda tukwanen suke a da, sannan ka kwatanta musu gidana.

A gaida leburori,
Ƙirgau