Wata Uku a Tsirkiya Ɗaya

Yaya Munzali,

Gaisuwa daga Agadas. Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, aikin garejin ne dai sai a hankali.

Wani dattijon Buzu, Malam Agali, yana koya mini jita. Hannunsa abin kallo ne, Yaya! Ni sauri nake so, shi kuwa wata uku ya tsare ni a tsirkiya ɗaya, wai sai ta yi magana tukuna. Sai jiya ya bar ni na kaɗa waƙar niƙan Inna, hawaye suka hana ni ƙarasawa. Ya ce, "Yau ka fara."

Kada Baba ya ji, ka san yadda ake kallon kiɗa a Daura tun zuwan shari'a. Amma Inna kam, ka gaya mata.

Ƙaninka,
Badaru