Jan Tabo a Fatun Kakanka

Zuwa ga jikana kuma angona, Malam Gishiri,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da dabbobin nan naka da ba a ganinsu sai da madubin likita. Mu nan lafiya lau, in ka cire ƙafar da na karya a banɗaki, wadda uwarka ta mayar labarin duniya.

Takardarka ta iso. Ka ce wata takwas kana neman abu ɗaya a ɗakin bincike ba ka samu ba, za ka ajiye karatun ka zo jinyata. Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa? Zauna ka ji.

Sau uku na karanta bayaninka. Ga abin da na gane: in ƙwayar cuta ta faɗa cikin gishiri, sai ya zuƙe mata ruwan jiki. To akwai wani umarni na gado a cikinta yana barci. Da ta fara yamushewa sai ya farka, ta buɗe ƙofofinta ta tara abin da zai riƙe mata ruwa. Kai kuma kana neman wanda ke tashin umarnin. In na kuskure, a aji huɗu na tsaya.

Amma layi ɗaya ne ya tsayar da ni, inda ka ce wasu a cikin gishirin ma suke zama, kuma jajaye ne.

Marigayi kakanka majemi ne, ni ke zuba wa ɗanyun fatu gishiri a rumfar baya. Wata shekara da zafi, fatu sittin suka yi jan tabo, suka yi wari, dillali ya ƙi su. Kakanka ya ce rowar gishiri na yi. Na ninka shi har hannuwana suka tsage, tabon ya dawo. Shekara talatin, ko miya ce ta yi lami sai ya dube ni ya yi murmushi. Nakan taya shi dariya, amma ni kaina har na fara zargin hannuna.

Don haka kada ka zo. Masu kai ni banɗaki sun yi yawa, mai wanke ni daga wannan zargi kai kaɗai ne. Ka bincika ka gaya mini.

Matarka ta tsufa,
Kaka.

Angona,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya aiki? Ƙafa ta fara taka ƙasa.

Amsarka ta iso. Ashe jajayen ƙwayoyin nan cikin buhun gishirin suke zuwa! Ashe da na ninka, ƙaro su na yi! Ina karantawa na ɗaga takardar sama, na juya wajen kujerar kakanka da bakina a buɗe, na shirya maganata tsaf. Kujerar na nan, kayan wanki ne a kanta.

Shi ma fa bai sani ba, yaro. Babu wanda ya sani a rumfar nan, shi ya sa laifin ya faɗa kan wanda ke kusa.

Na ji daɗi da ka fasa tahowa. Wata takwas har wani abu ne? Ni shekara talatin na jira amsa, da goma bayan ransa. Ka koma kan dabbobinka, ka ci abinci, ka aske wannan gemun kafin in sake ka.

Taka, mai wankakken hannu,
Kaka.