Ranar da Nafeesa Ta Kira Sunan 'Yarta

Kubwa, Abuja
4 ga Maris, 2006

Adda Yelwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya kuma gwiwar nan da ta ƙi jin magani? Allah ya ƙara sauƙi.

Adda, auren ɗana Lukmanu da Nafeesa ya mutu. Na san za ki ce don me ban buga waya ba. Ba magana ce da za a yi ana “ban ji ba, sake faɗi” ba. Babu duka, babu zagi. Shi yana ofis, ita tana gida a unguwar Gudu, har suka koma kamar waɗanda suka haɗu a motar haya. Garin nan kullum sabon bene ake ɗagawa, amma ɗan ɗakin nan nasu ya gagare mu gyarawa.

Abin da ya rage shi ne 'yarsu Khaula. Tun da abin ya fara tana wurina. Kowace safiya sai ta ɓoye min hula, ba ta fito da ita sai na yi alkawarin ita ce amaryata. Lukmanu yana so ta ci gaba da zama nan. Alƙali ya ce kafin ya yanke hukunci mu je a gwada sulhu, mutum ɗaya daga kowane dangi. Ni ne na miji. Na mata kuwa mahaifinta ne, Malam Hammadu, mai shanu a bayan Jikwoyi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Surajo

Kubwa
19 ga Maris

Adda,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Mun zauna. Mai sulhun wata lauya ce, Madam Monica, mace mai haƙuri. Hausarta irin ta Abuja ce, ta ce min “ke Baba” ban ji haushi ba. Lukmanu ya ce Nafeesa ba ta damu da yarinyar ba, tun da aka haife ta bai taɓa jin ta kira sunanta ba, kullum “waccan”. Madam ta tambayi Nafeesa ko tana son riƙon 'yarta. Ta sunkuyar da kai. Madam ta sake tambaya, shiru. Malam Hammadu ya gyara zama ya ce ai 'ya ta gidan ubanta ce, shi ba ya ja da mu. Madam ta ce tunda babu jayayya, zama na gaba a kammala.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Sai dai daɗin bai kai ni gida ba. Adda, ɗanki na fari Ikrama ga shi da furfura, kin taɓa kiran sunansa? Khaula 'yar fari ce. An zaunar da 'yar Fulani tsakanin ubanta da surukinta, an ce ta buɗe baki ta ce tana son 'yar farinta. Ta ina? Lukmanu ko ya manta da wannan kunyar, ko ya tuna sarai. Ban tambaye shi ba, ina tsoron amsar.

Da muka fito, Khaula tana jira a mota. Na hangi Nafeesa ta zura hannu ta taga tana shafa kitson yarinyar, tana duba inda ya warware. Tana ganina ta janye hannun kamar ta taɓa wuta.

Naki,
Surajo

Kubwa
2 ga Afrilu

Adda,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na ji kin ce kada in bar jininmu ya koma ruga. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Da muka koma, kafin a fara na roƙi Madam ta bar mu maza mu fita, ta sake tambayar Nafeesa su biyu. Na kama hannun Malam Hammadu, na yafito Lukmanu. Muka tsaya a baranda muna kallon masu haƙa tushen gini. Bangon ofishin katako ne. Da farko kuka muka ji. Can sai muryarta ta fito, ta kira sunan, ta sake kira, kamar mai koyon magana. Malam Hammadu ya ja rawani ya rufe fuska.

An daidaita Khaula ta zauna wurin uwarta, ta riƙa zuwa mana idan an yi hutun makaranta. Lukmanu ya amince, amma tun ranar bai tako gidan nan ba. Ni aka tura in tsaya masa, na sani.

Jiya na kai ta Jikwoyi da kaina. A hanya tana ta ba ni labarin ɗan maraƙin da kakanta zai ba ta, ko juyowa ba ta yi ba da na ce sai wata rana.

Yau da safe na tashi, na tarar da hulata a inda na ajiye ta.

Ki gaida Ikrama. Ki yafe min in kin iya.

Ƙanenki,
Surajo