Bargona Yana Bayan Goɗiya

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yara, ya maigidan? Mu nan Riyad lafiya lau, sai sanyi da takaici.

Kin tuna bargon nan mai laushi da kika saka min a akwati, wanda nake turarawa da turaren wutarki? To, yana barga. Makon jiya iska mai sanyi ta taso, goɗiyar da maigidana Sani yake kula wa kafil ɗinsa, wato ubangidansa, a unguwar Dir'iyya ta kama rawar ɗari, ta ƙi ci, sai harbin ƙofa take yi. Ga ta da ciki, in ta yi ɓari ba mu san makomar iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar nan, ba. Ya ɗumama mata ruwa, ya toshe tagogi, duk a banza. Da ya lulluɓa mata bargona ta shinshina, sai ta yi lamo.

Yanzu da ƙamshin ya gushe sai ta birkice, shi kuma ya kawo min bargon duk gashi, ya ce, "Amarya, ɗan turara mana, yalla." Na ce a littattafan da nake karantawa miji matarsa yake lulluɓewa. Ya ce, "Ai ke ba kya harbi."

Turaren ya kusa ƙarewa, sanyi da saura. Don Allah ki aiko min ta hannun duk mai tahowa. A taya mu addu'a goɗiyar ta haihu lafiya in karɓi abina. Ki gaida kowa, amma kada Inna ta ji wa ke rufa da shi.

Ƙanwarki,
Bilkisu