Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Rufewa

Zariya, 4 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Yaya Abarshi, malamin gandun daji, Birnin Gwari.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. In ka je Kusasu ka gaishe mini da matata Kaka Huraira, ka ce mijinta yana nan da rai.

Bayan haka, a ofishinmu na buga littattafai an ba ni wani littafin Turawa in mayar da shi Hausa, ya hana ni sukuni. Wai wani mutum ne ya shiga jirgin ƙarfe mai kama da rumbu, ya tafi wajen taurari. A lissafinsa shekara ɗaya ya yi. Da ya sauko, ashe a duniya an yi shekara tamanin! Ba wanda ya san shi, garinsu ma an sake masa suna. Sai ya koma jirginsa ya sake tashi, labari ya ƙare.

Yaya, wallahi na taɓa jin wannan labarin. Ba tatsuniyar maharbin nan ba ce da Kaka take yi mana, wanda ya shiga kogon kuka a dajinmu? Kullum barci ke ɗauke ni kafin a kai ƙarshe. Don Allah ka tambayo mini yadda ta ƙare.

Ƙanenka, Dabo.

Birnin Gwari, 19 ga Mayu

Dabo,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Na hau keke na je Kusasu na karanta wa Kaka. Kai, ka ja mini magana! Ta ajiye mazari ta ce, "Wane Bature ne ya laɓe a bayan dangata?" Ta sa na lissafa mata duk Turawan da suka taɓa zuwa auna daji, wai a cikinsu ɓarawon yake. Na ce mata mai littafin bai taɓa taka ƙasar nan ba. Sai ta ce, "To, shi ma yana da kaka ke nan."

Ta tuna mini farkon. Maharbi ya bi gada har cikin kogon kuka, ya tarar da gari, mutanensa ba sa tsufa. Ya kwana uku ana ba shi zuma, ya fito ya tarar gonarsa ta zama kurmi. Tana da tambaya: shi mai jirgin, wa ya bari a gida? Ta ce in bai bar kowa ba, to ba labari ba ne, yawo ne.

Ƙarshen kuwa ta ce ba a aika shi a ambulan. Mai so ya zo da kunnensa. Shekararka huɗu rabonka da gida, Dabo. Ni ba zan ƙara komai ba.

Abarshi.

Zariya, 10 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Tambayar Kaka ta sa na koma littafin tun daga farko. Ashe ya bar ƙanwa! Layi biyu kawai aka yi mata, ni ma na tsallake ta ban lura ba. Na gaya wa Baturen ofishinmu cewa wata tsohuwa a Kusasu ta riga marubucin, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce nasu ma daga bakin tsofaffi suka ɗauko, ƙarfe kawai suka sa masa. Abin da nake ta juyawa shi ne, me ya sa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suke tsoron abu ɗaya?

Zancen zuwa, ina nan tafe. Sai dai aiki ya yi yawa, ga damina, an ce kogin Mariga ya cika mota ba ta wucewa. Bari kaka ta yi. Wata huɗu ai kamar gobe ne.

Dabo.

Kusasu, 28 ga Yuni

Dabo,

Daga ɗakin Kaka nake rubuto maka. Ƙafafunta sun kumbura, kwana tara ke nan ba ta fita tsakar gida ba. Na karanta mata takardarka, da na zo kan "kamar gobe ne" ta ce, "Haka maharbin ma ya ce."

Jiya da rana tsaka ta ce in zauna. Sai na ji, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ka san ta, ita ce ke korar mu da muciya in mun nemi tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata yake yi. Na ce, "Kaka, rana ce fa." Ta ce, "Na gani. Ba ni da tabbacin dare ne. Kuma wanda ya ɓata ai ba ni ba ce."

Ta kai labarin har inda maharbi ya iso ƙofar gidansu. A ciki akwai wata tsohuwa makauniya, ita kaɗai ta rage da ta san muryarsa. Ya ɗaga baki zai yi sallama. Nan ta tsaya.

Na ce, "Sai me ya faru? Ta amsa?" Ta ce ita ma ba ta sani ba, ya danganta da ranar da ya iso. Na roƙe ta ko ƙurunƙus ta ce, a rufe tatsuniyar kamar yadda aka saba. Ta ƙi. Ta ce a bar ta a buɗe.

Na ji haushinka ƙwarai, Dabo, kuma tsoro nake ji. Mariga ta cika, gaskiya ne, amma jiya ma Fulani sun haye da kwalekwale.

Abarshi.

Zariya, 5 ga Yuli

Yaya,

Na ajiye musu littafin, saura shafi tara. Gobe Juma'a zan shiga motar Kaduna, in ta tsaya a bakin ruwa in haye da kwalekwale in ƙarasa da ƙafa. Wataƙila in riga takardar nan isowa.

In ita ta riga ni, ka karanta wa Kaka wannan da ƙarfi, kusa da kunnenta: Salamu alaikum.

Dabo.