Ni Na Gani, Buba Ya Rubuta

Da sunan Allah. Ni Inuwa ɗan Haris, mutumin Haɗeja, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mini. Zuwa gare ku 'ya'yana, Abdulfattah da Gumsu da Mairam.

1. Gidan nan da gonar shinkafa ta Auyo da kwalekwale, in na rasu a raba yadda shari'a ta ce.

2. Littattafan rubutuna bakwai da ke cikin akwatin ƙarfe, Gumsu ta riƙe su amana. Gajerun labarai ne na yaƙin basasa, wanda na je ina ɗan shekara sha tara. Ban taɓa nuna wa kowa su ba, ga kuma dalili.

Kun san marigayi Malam Buba, abokina tun muna yara. Bai je yaƙi ba, bindigar maharba kaɗai ya taɓa ji. Da na dawo, a bakin kogi nake ba shi labari. Ya je ya rubuta, aka buga, aka karanta a rediyo. Akwai na wata mata da muka tarar a gefen hanya, goye da ɗanta da ya riga ya mutu, tana ta jijjiga shi. Ni na gan ta da idona. Amma ranar da aka karanta, mahaifiyarku ta yi kuka har tuwo ya ƙone, ta ce Buba ya san ciwon mutane. Sau uku ina ba ta labarin nan da bakina, ko hawaye ba ta yi ba.

Na zauna na rubuta nawa don in fi shi. Ban fi shi ba. Shi ya ba matar suna da miji da gona. Ni launin zanenta kawai na riƙe. Har yau in aka yabe shi a gabana sai bakina ya yi ɗaci.

3. A labarinsa sojan da ya ga matar ya tsaya ya ba ta ruwa. Duk gari aka ɗauka ni ne, na yi ta karɓar addu'a. Ban tsaya ba. Buba ya sani, bai taɓa tona ni ba, wannan ma ya ƙara mini haushinsa. Gaskiyar tana cikin littafi na huɗu. Ku karanta wa jikokina, kada ku gyara.

4. Abdulfattah, hanin da na yi muku na shiga gidan Buba, na janye. Ranar jana'izarsa na ce ciwon ƙafa ya hana ni fita. Hassada ce. Ka je wurin matarsa, Hajiya Aziza, ka nema mini gafara.

5. Mairam, tun da yayarki Gumsu ta riga ki zuwa Makka ba ki taka gidanta ba. Na san ciwon nan, a wurina kika gaje shi. Ki je tun ina numfashi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna. In ɗayanku ya samu, ku je ku taya shi murna a ranar, kafin zuciya ta yi nauyi.