Takardar Sabi'u Ta Zo Fes

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da kyau, da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni ma lafiya lau nake nan unguwar Misfala a Makka.

Yaya, abin da ke cina zan faɗa miki. Kin tuna faɗan tasha a Kano, wanda ya kai ni da Sabi'u ɗan Baffa gidan yari wata uku? To, otal ɗin da muke shara ya nemi mai kula da sito, amma sai da takardar 'yan sanda daga gida. Ashe tun bara Baffa ya ɗaukar masa lauya, aka koma kotu aka goge masa hukuncin. Tasa takardar ta zo fes, tawa da tabo. Aka ba shi aikin.

Ranar Juma'a ya yi walima a unguwar Rusaifa. Ya ce, "Ci mana, Lawwali, arzikinmu ne duka." Na yi masa barka, amma wallahi loma biyu na yi na ture shinkafar. A faɗan tashar nan shi fa ya fara kai duka, ni raba faɗa na shiga! Yanzu shi ke miƙo mini tsintsiya.

Na yi ɗawafi ina roƙon Allah ya cire mini hassadar nan, har yanzu da saura. Don Allah ki sa maigida ya nemo mini lauya, a duba ko nawa hukuncin zai gogu.

Ki ce wa Inna ta sa ni a addu'a. Ki gaida Baffa, amma kada ki karanta masa wasiƙar nan.

Ƙaninki,
Lawwali